Fastar ƙin yaƙi: yadda takarda ɗaya ke tsallake iyaka, da inda take tuntuɓe

A ƙarshen Disambar 1969 aka fara raba wata fasta a birnin New York wadda babu zanen hannu ko ɗaya a jikinta. Hoto ne mai launi: siririyar hanya ta ratsa tsakanin gonaki, gawarwakin mata da yara zube a kanta. A sama an rubuta tambaya da jan rubutu, "Har da jarirai?" A ƙasa kuma amsa, "Har da jarirai." Hoton na Ronald Haeberle ne, mai ɗaukar hoto na rundunar sojan Amurka, wanda ya ɗauka a ƙauyen My Lai na Biyetnam ranar 16 ga Maris 1968. Kalmomin kuwa an tsamo su ne daga hirar da ɗan jarida Mike Wallace ya yi a talabijin da Paul Meadlo, ɗaya daga cikin sojojin da suka yi harbin. Gidan adana zane-zane na MoMA ya yi alkawarin taimakawa wajen fitar da ita, da shugabanninsa suka ga abin da ke ciki sai suka janye jiki. Ƙungiyar masu zane ta Art Workers' Coalition ta buga kwafi 50,000 da kanta, aka raba su kyauta, suka bazu har ƙasashen waje.

Waɗanda suka haɗa ta ba su ƙara ra'ayinsu ko na kalma ɗaya ba. Sun ɗauki hoton soja da maganar soja, suka ajiye su wuri guda. Wannan tsuke baki shi ne zuciyar sana'ar. Fastar siyasa tana aiki ne ƙarƙashin sharuɗɗa uku masu tsauri: a fahimce ta cikin daƙiƙa biyu ko uku, a iya ninka ta da arha, sannan in har ana so ta zama ta goyon baya tsakanin ƙasashe, wanda ba ya jin harshen da aka rubuta ta ya gane inda ta dosa. Kusan duk abin da ake yabawa a matsayin salon irin waɗannan fastoci, daga launuka ƙwaya biyu zuwa manyan haruffa, daga waɗannan sharuɗɗa ya fito.

Masu yaƙi ne suka fara

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gwamnatocin da ke yaƙi ne suka koya wa duniya ƙarfin fasta. A 1914 Alfred Leete ya zana ministan yaƙin Birtaniya, Kitchener, yana nuna mai kallo da yatsa. A 1917 James Montgomery Flagg ya kwaikwayi tsarin ya zana Uncle Sam, dattijon da ke wakiltar Amurka, aka buga kwafi wajen miliyan huɗu don ɗiban soja. Ido cikin ido, yatsa a ƙirjinka, gajeriyar jimla. Masu ƙin yaƙi wannan nahawun suka gada.

Käthe Kollwitz ta rasa ɗanta Peter a fagen daga a Beljiyam a watan Oktoban 1914. Bayan shekara goma, a 1924, ta zana wa taron matasa a Leipzig wani saurayi ya ɗaga hannun dama sama yana rantsuwa, hannun hagu a ƙirji, baki buɗe, da rubutun hannu mai kaushi: "Nie wieder Krieg", wato kada a sake yaƙi har abada. Bugun dutse ne, wato zanen da ake yi a kan lafaffen dutse a buga shi a takarda, baƙi a kan fari. Fastar ɗiban soja tana nuna ka da yatsa ne ta ce ka zo. Tata kuwa ta nuna maka mutumin da ya riga ya ƙi.

Wata dabarar ita ce a juya wa mai yaƙi makaminsa. A 1971 wasu masu aikin talla a Amurka suka sake zana Uncle Sam ɗin Flagg, kai da hannu a naɗe da bandeji, ya miƙo hannu yana roƙon a fitar da shi. A 1975 Shigeo Fukuda na Japan ya zana bakin igwa baƙi a kan ruwan ɗorawa, harsashin ya juyo yana komawa cikin bakin da ya fito. A 2004 wasu masu zane suka ɗauki tallan na'urar jin kiɗa ta iPod, wanda ke nuna inuwar mutum yana rawa da fararen wayoyi a kunne, suka sa inuwar fursunan gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi mai buhu a ka, fararen wayoyin suka koma na lantarki a yatsunsa, aka rubuta iRaq. Sai dai wannan dabara tana da rauni ɗaya: wanda bai san asalin hoton ba ba zai ga an juya komai ba. Ta Fukuda tana tafiya ko'ina, don kowa ya san inda harsashi ya kamata ya nufa. Ta iPod kuwa ta tsufa tare da tallan.

Alamomin da suka yi nisan zango

Tattabarar da mai zane Picasso ya zana ta fito ne a fastar taron zaman lafiya na duniya da aka yi a Paris a watan Afrilun 1949. Marubuci Louis Aragon ne ya zaɓe ta daga cikin bugun dutsen da Picasso ya riga ya yi. Ta farkon tattabara ce sosai, mai gashi har ƙafa, ba siririyar kurciyar nan mai layi ɗaya da aka fi sani yanzu ba, wadda ta zo daga baya. Ta bazu cikin sauri, amma da yake ƙungiyar da ta ɗauke ta tana tare da Tarayyar Sobiyet, rabin duniya ya riƙa kallonta a matsayin tutar ɓangare guda. Nan da nan wata ƙungiya mai adawa da kwaminisanci a Faransa, Paix et Liberté, ta fitar da tata fastar, inda tattabarar ta rikiɗe ta zama tankar yaƙi. Alama ba ta zama ta kowa don kawai mai ita ya ce ta kowa ce.

Alamar zaman lafiyar nan, da'ira mai layuka uku a ciki, ta fi ta sa'a. Gerald Holtom ya zana ta a 1958 don tattakin kwana huɗu daga Landan zuwa Aldermaston, inda Birtaniya ke ƙera makaman nukiliya. Ya haɗa haruffa biyu ne na saƙon tutoci irin na ma'aikatan jirgin ruwa: N, hannaye biyu a ƙasa a buɗe, da D, ɗaya sama ɗaya ƙasa, farkon kalmomin kwance ɗamarar nukiliya a Turanci. Yawancin masu ɗaga ta ba su san wannan ba, kuma bai rage ta da komai ba. Abubuwa biyu ne suka yi mata rana: yaro ma zai iya zana ta da gawayi cikin daƙiƙa biyar, kuma ba a taɓa yi mata rajistar mallaka ba. Duk mai son alamarsa ta yi tafiya, ya gwada ta da wannan ma'auni. In sai da kwamfuta za a iya kwafarta, ba za ta yi nisa ba.

Havana: fasta a cikin mujalla

Babu inda aka mayar da fastar goyon baya aiki mai tsari kamar Kyuba. A Janairun 1966 aka yi taron nahiyoyi uku a Havana, daga nan aka kafa OSPAAAL, ƙungiyar goyon bayan al'ummomin Asiya da Afirka da Latin Amurka. A shekara mai bi mata ta fara fitar da mujallar Tricontinental, Alfredo Rostgaard ne mai kula da zane. Dabararsu mai sauƙi ce ƙwarai: a buga fasta mai faɗin kusan santimita 33 da tsawon kusan 53, a ninke ta, a cusa cikin mujalla, a aika ta gidan waya zuwa gomman ƙasashe. Ba a buƙatar bututun kwali, ba a buƙatar dillali. Duk wanda ya karɓi mujallar ya zama mai manna fasta.

Wannan hanyar aikawa ita ta tsara kamannin fastocin. Tunda takarda ɗaya ce za ta je Aljiyas da Santiyago da Hanoi, rubutun ya zama layi ɗaya tak, galibi "ranar goyon bayan al'ummar ƙasa kaza", an maimaita shi da Sifaniyanci, Turanci, Faransanci da Larabci, ƙanana a gefe. Nauyin saƙon duka ya koma kan hoto. Fastar Elena Serrano ta 1968 misali ce: fuskar ɗan juyin juya hali Che Guevara a tsakiyar taswirar Kudancin Amurka, taswirar tana ta ninkuwa tana faɗaɗa zuwa gefuna. Ko ba ka karanta komai ba ka san ana cewa abin zai bazu. Zane kuma ya riƙa zirga-zirga ta ɓangarori biyu, don masu zanen Havana sun ɗauki aikin Emory Douglas na jam'iyyar Black Panther suka yi fastar goyon bayan baƙaƙen fatar Amurka da shi. René Mederos kuwa tattaki ya yi har Biyetnam a 1969, ya dawo da zane-zanen da suka nuna manoma da mata da mayaƙa suna harkokinsu a ƙarƙashin ruwan bama-bamai, a tsaye da ƙafafunsu.

A nan sai an yi hattara da kalmomi. Fastocin OSPAAAL ba na ƙin yaƙi ba ne a ma'anar Kollwitz. Bindiga ta cika su. Abin da suke ƙi shi ne mulkin mallaka da mamaya, kuma suna goyon bayan wanda ya ɗauki makami ya yi turjiya. Ƙungiyar matan Amurka ta Another Mother for Peace, wadda ta ɗauki zanen furen Lorraine Schneider mai cewa yaƙi ba shi da kyau ga lafiyar yara da sauran masu rai, tana adawa da yaƙin Biyetnam ɗin nan dai, amma daga wani tushe daban. Sun haɗu a titi ɗaya, ba su haɗu a aƙida ba. Gidajen nuni kan jera su bango guda ƙarƙashin take ɗaya, wanda a ganina rufa-rufa ce. Haka kuma fastar OSPAAAL ta gwamnati ce, ko da ta yi kama da ta ɗan tawaye: tana ganin zaluncin wani sansani, tana kau da kai daga na ɗayan. An rufe OSPAAAL a 2019.

Bugun raga, daki-daki

A tsakiyar Mayun 1968 ɗalibai da masu zane suka mamaye makarantar koyon zane ta Paris, suka kafa abin da suka kira Atelier Populaire, wato ɗakin zanen jama'a. Fastarsu ta farko bugun dutse ce, kwafi talatin kacal, kuma da nufin a sayar a tara wa masu yajin aiki kuɗi aka yi ta. Tun kafin ta kai inda za a sayar ɗalibai suka kwashe suka manna a bango. Bugun dutse ba zai iya da wannan yunwar ba, sai aka koma bugun raga. Yawancin fastocinsu a kan yajin aiki da 'yan sanda suke, ba yaƙi ba, amma tsarin aikin da suka bari shi masu ƙin yaƙi suka ɗauka. A Mayun 1970, bayan Amurka ta kutsa Kambodiya kuma dakarun tsaro sun harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State, ɗaliban Berkeley sun buga fastoci a bayan tsofaffin takardun kwamfuta masu huji-huji a gefe, don su ne ake samu kyauta.

Kayan aikin ba su da yawa. Firam na katako ko alminiyam, raga da aka ɗaure a kai tamau kamar fatar ganga, faranti mai bakin roba na jan tawada, teburi mai laushin fuska, da maƙalai biyu da za su riƙe firam ɗin ya riƙa ɗagawa yana sauka a wuri guda. Da siliki ake yin ragar, yanzu zaren roba ne. Don bugu a takarda da tawadar ruwa ana son raga mai zare 90 zuwa 120 a kowace santimita. Wadda ake buga riguna da ita, mai zare wajen 43, ramukanta sun yi faɗi: tawada za ta kwararo da yawa, takarda ta jiƙe ta yi kumburi, gefen haruffa ya yi zigi-zigi.

Ka'idar ita ce a toshe ragar ko'ina ban da inda ake son tawada ta wuce. Hanya mafi arha ita ce a yanke zanen a siririyar takarda da wuƙa, a shimfiɗa ta ƙarƙashin raga, jan farko tawadar da kanta za ta manne ta. Ba ta daɗewa, bayan 'yan gomman kwafi sai ta jiƙe ta yage, kuma tsakiyar haruffa irin su O da A kan zame. Hanya ta biyu a shafa ruwan toshi da buroshi kai tsaye a jikin raga. Ta uku, wadda ta fi ƙarko, ita ce maganin da haske ke daskarar da shi. Ana shafa shi siriri a fuskoki biyu cikin ɗaki mai duhu-duhu, a bar shi ya bushe a duhu, a ɗora zanen da aka yi da baƙi ƙirin a kan leda mai gani-har-hanji, a danne da gilashi, a haska. Inda haske ya taɓa ya daskare, inda baƙi ya kare ya wanke da ruwan sanyi. Kuskure biyu ne a nan. In hasken bai isa ba, maganin zai yi yauƙi ya bi ruwa, zanen ya tafi gaba ɗaya. In ya yi yawa, ko baƙin bai yi kauri ba, haske zai kutsa ƙarƙashi ya toshe ƙananan rubutu. Shi ya sa ake fara gwaji: a rufe ragar da kwali, a riƙa jan shi kaɗan-kaɗan bayan kowane minti, a ga wane sashe ya fita tsaf.

Wajen bugu, ragar ba ta kwanciya a kan takarda. Ana ɗaga ta da kamar milimita biyu zuwa uku, ta hanyar manna ɗan kwali a kusurwoyin firam, yadda roba ce kaɗai za ta danna ta ƙasa, ta kuma ɗago da kanta da zarar roba ta wuce. In babu wannan tazara takarda za ta manne, hoton ya fito da dabbare-dabbare. Ana karkata robar wajen digiri 60 zuwa 70, a ja sau ɗaya da nauyi daidai daga sama har ƙasa. In aka kwantar da ita da yawa tawada za ta malala ƙarƙashin zane. Bayan kowane ja, a ɗaga firam a mayar da tawadar baya a hankali ta lulluɓe ragar. Wanda ya tsallake wannan, ya tsaya hira na minti biyu, zai tarar tawada ta bushe a ramuka, sai an tsaya an wanke. A wuri mai zafi da bushewar iska ana ƙara wa tawadar maganin jinkirta bushewa.

Launi kuwa lissafi ne. Kowane launi ragarsa daban, jansa daban, bushewarsa daban. Fasta 300 mai launi uku ja 900 ke nan, ban da kusan kashi ɗaya cikin goma da za su lalace. Mutum uku ake so: mai sa takarda, mai ja, mai kwashewa ya shanya. Daga wannan lissafin ne fitaccen salon nan na launi ɗaya ko biyu ya samo asali. Gwanaye kan ci riba ta hanya biyu: su ɗauki launin takardar a matsayin launi na kyauta, su kuma ɗora tawada mai shara-shara a kan wata, ruwan ɗorawa da shuɗi su haifi kore ba tare da raga ta uku ba. Ana fara buga mai haske, a rufe da baƙi. Don launuka su hau kan juna daidai, ana manna 'yan guntayen kwali uku a teburi, biyu a dogon gefe ɗaya a gajere, kowace takarda ta jingina da su. A kuma bar launin ƙasa ya shiga ƙarƙashin na sama da kamar milimita ɗaya, in ba haka ba farin layi zai riƙa leƙowa a tsakani, domin takarda kan ɗan miƙe bayan ta sha ruwan tawadar farko.

Daga teburi zuwa bango

Takarda mai sheƙi da kauri ta fi kyau a hannu, amma ita ta fi saurin faɗowa daga bango, don gam ba ya ratsa ta. Siririya mara sheƙi ita ke shan gam ta zama ɗaya da bangon. Gam ɗin da aka saba da shi kunun fulawa ne: awo ɗaya na fulawa, awo huɗu na ruwa. A dama fulawar da ruwan sanyi tukuna don kada ta yi gudaji, a zuba cikin tafasasshen ruwa ana juyawa har ta yi kauri ta ɗan yi haske, a bar ta ta huce. Kwana biyu ko uku take yi ta fara tsami. A shafa a bango, a ɗora takarda, a lallashe ta daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, a sake shafawa a kai, musamman kusurwoyi, don daga nan iska da farce suke farawa. In tawadar ba mai jure ruwa ba ce, wannan shafar ta ƙarshe za ta kwashe zanen. Ja kuma, launin da masu fastar siyasa suka fi ƙauna, yana cikin masu saurin kodewa a rana. Dokar manna takarda ta bambanta daga birni zuwa birni, a wurare da yawa laifi ne mai tara in babu izinin mai bango.

Girman haruffa yana da ƙa'idar da masu rubuta allon talla suka daɗe da ita: santimita biyu da rabi na tsawon harafi ga kowace tazarar mita uku. Fastar da za a karanta daga tsallaken titi mai faɗin mita 12 tana son haruffa masu santimita goma. A takarda mai faɗin santimita 42, wannan bai wuce haruffa biyar ko shida a layi ba. Tadeusz Trepkowski na ƙasar Poland ya gama da wannan matsala a 1952 da kalma ɗaya, "Nie!", wato a'a, kusa da inuwar bam mai faɗowa wadda aka zana kangon gini a cikinta. Kwamiti ne babban abokin gabar wannan sauƙi: kowace ƙungiya da ta sa hannu tana son tambarinta da takenta, har a wayi gari fastar ta koma takardar sanarwa.

Inda goyon baya ke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa a fastocin da ake yi wa wata al'umma daga nesa shi ne rubutu. Manhajar zane da ba a saita ta ba takan warware haruffan Larabci ɗaya-ɗaya ta jera su daga hagu zuwa dama. Mai zanen ba zai lura ba, amma duk wanda aka yi fastar dominsa zai gani a kallon farko, ya kuma san ba a tambayi kowa daga cikinsu ba. Maganin bai wuce a nuna wa mai harshen samfurin ƙarshe ba, wanda za a buga, ba rubutun da aka tura wa mai zane ba. Alamar hannu ma haka. Yatsu biyu a buɗe alamar zaman lafiya ce in tafin hannu na fuskantar mai kallo, in bayan hannu ne kuwa zagi ne a Birtaniya. Fari da wasu ke ɗauka launin salama, a sassan gabashin Asiya launin makoki ne.

Mafi nauyi shi ne hoton gawa. A lokacin yaƙin basasar Sifaniya, wanda ya ɓarke a 1936, gwamnatin jamhuriya ta fitar da fasta da Turanci da Faransanci: gawar ƙaramar yarinya da lamba a ƙirjinta, jiragen yaƙi a jere a bayanta, da gargaɗin cewa in kun lamunci wannan, 'ya'yanku ne na gaba. Ba tausayi kawai ta nema ba, ta ce wa mai kallo wutar tana zuwa gidansa, kuma a 1940 bama-bamai sun sauka a Landan. Irin wannan hoto yana girgiza mutum, amma yana da farashi. Mamaci bai ba da izini ba, danginsa na iya cin karo da shi a bango, kuma in aka yi ta maimaitawa sai a san al'umma gaba ɗaya da gawa kawai. Abin da ya bambanta aikin Mederos ke nan. Sannan dole a tabbatar da asalin hoto: wa ya ɗauka, a ina, yaushe. Hoto ɗaya da aka ɗauko daga wani yaƙin ya isa abokan hamayya su yi watsi da sauran ɗari na gaskiya. Fastar My Lai ta tsaya da ƙafarta ne domin an san mai hoton, an san ranar, an san wanda ya yi maganar.

Intanet ta kawo kishiyar wannan matsala. A watan Mayun 2024 wani hoto da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, tantuna jere reras har ƙarshen gani da rubutun da ke kiran a zuba wa birnin Rafah na Gaza ido, an yaɗa shi fiye da sau miliyan 40 a Instagram. Ya yi tafiya ne saboda babu jini a ciki, matatar dandalin ba ta tare shi ba. Amma wurin da ya nuna babu shi a doron ƙasa, kuma masu suka sun ce ya share ainihin abin da masu ɗaukar hoto na Gaza ke saka ransu a haɗari don nunawa. Ga mai son a sauke aikinsa a buga a wata ƙasa, akwai ƙananan abubuwa da ke lalata shi: launin da ke walƙiya a fuskar waya yakan dushe a takarda, hoton da bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba yakan farfashe in an faɗaɗa, kuma in ba a bar rarar milimita uku a gefuna ba wuƙar maɗaba'a za ta ci rubutu. Ya kamata kuma a ajiye samfurin baƙi da fari, don yawancin waɗanda za su buga injin kwafi kawai gare su.

Haɗarin ma ba a raba shi daidai. Mai zane a ƙasar da ke nesa da rikici zai iya sa hannu a aikinsa ya yi suna. Na kusa ba haka ba ne. Ƙungiyar Medu, ta masu fasahar Afirka ta Kudu da ke gudun hijira a Gaborone ta Botswana, tana buga fastoci da sunan ƙungiya, ana satar shiga da su ƙasar a ɓoye. Ranar 14 ga Yunin 1985 sojojin gwamnatin wariyar launin fata suka tsallaka iyaka da dare suka kashe mutum 12, cikinsu har da mai zane Thami Mnyele, ƙungiyar kuma ba ta sake tashi ba. A Rasha, bayan dokar Maris 2022 da ta haramta abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya game da soja, an kama mutane riƙe da farar takarda da ba a rubuta komai a kai ba. Sasha Skochilenko ta musanya 'yan takardun farashi biyar a wani kanti a Saint Petersburg da saƙonnin adawa da yaƙin Yukiren, aka yanke mata shekara bakwai a Nuwamban 2023, sai a musayar fursunoni ta Agustan 2024 ta fito.

'Yan Atelier Populaire sun ƙi sa sunayensu, sun kuma bayyana ƙarara cewa wurin fastocinsu titi ne da bangon masana'anta, rataye su don ado rage musu ƙarfi ne. Yau ana gwanjonsu cikin firam. Waɗanda suka tsira kaɗan ne, domin takardar jarida tana da sinadarin da ke cin ta, ta yi ja ta karye, salatif kuma yana barin tabon da ba ya fita. Cibiyoyi irin su Center for the Study of Political Graphics a Los Angeles suna ajiye su a kwance, cikin aljihun teburi mai faɗi, tsakanin takardun da ba su da wannan sinadari, nesa da haske. A fastocin OSPAAAL da yawa akwai layukan ninki da ko an danne su shekara da shekaru ba sa ɓacewa, shaidar cewa wannan kwafin ya shiga mujalla, ya bi jakar gidan waya, wani ya buɗe shi a wata ƙasa.